Sanƙon Gonar Baba

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin wayewar ɗan Adam bai fara da kashin akuya ba, to daga tsakiyar littafi ya soma. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Sarakuna sun yi mulki, malamai sun yi wallafa, mayaƙa sun ci garuruwa, amma kowannensu sai da ya ci tuwo kafin ya fita. Tuwon daga dawa ya fito, dawa daga ƙasa, ƙasar kuwa ba a buhu aka sauko da ita daga sama ba. Ganye ne ya faɗi ya ruɓe, gara ta ci kara, tana ta yi rami, akuya ta yi abin da akuya ta saba yi ba tare da neman izinin kowa ba. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina riƙe da alli, ina koya wa 'ya'yan mutane wannan magana da Turanci mai tsabta, suna rubutawa, suna cin jarrabawa, suna mantawa. Ni kaina ba a aji na koye ta ba. A aji dai na koyi abin da ya sa na yi ɓarna.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance shiru ne. Gidana a Ɗan Iya yake, ɗaki huɗu, mutum ɗaya. Uwar yara ta riga ni, yaran kuma kowa ya bi inda abincinsa yake, sai waya ranar Juma'a. Idan na dawo daga masallaci da safe na zauna a baranda, ina jin janareton maƙwabci, ina jin 'yan keke suna rige-rigen fasinja, amma ba na jin tsintsiya. Tsakar gida siminti ce, ba ta tara komai. Ɗan abin da aka share a leda ake ƙulle shi, a miƙa wa mai baro ya kai inda ba wanda ya taɓa tambaya. Abokan da zan ce wa "ka tuna?" su ce "ƙwarai kuwa" sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran bakina. Saura takarda, ita kuwa ba ta gardama, ba ta kuma dariya.

A gidanmu na Ƙofar Wambai tsintsiya ce agogo. Goggo, yayar mahaifina, wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ce ke riƙe da ita. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ji shaaa, shaaa, daga bakin zaure har turken awaki, ba gaggawa, ba tsayawa. Duk abin da ta sharo, juji yake tafiya, can bayan turke: kashin awaki da na kaji, tokar murhu, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin gero, ganyen darbejiya, ruwan wankin tukunya. Sai ta tsuguna ta tsince fasasshen kasko da guntun ƙarfe ta ware, domin a cewarta ƙasa ba ta cin abin da haƙori ba ya ci. Idan ta ga matar maƙwabta ta watsa shara a lungu, sai ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ga mai yi wa gonar wani hidima kyauta." Jujin nan yakan yi shekara yana dahuwa. Da bazara ta kama, ranar da Baba ya sa fartanya ya buɗe shi, sai ɗumi ya taso kamar an buɗe tukunyar dambu. Cikinsa ya koma baƙi wuluk, yana marmashewa a hannu, gwazarma fara sol tana murɗe-murɗe, kaji suna faɗa a kanta kamar 'yan gado. Ba wari yake yi ba, ƙamshi ne irin na ruwan farko. Mu cika mangala, mu ɗora wa jaki, mu fita ta ƙofa mu miƙe hanyar Dass. Wannan tafiya na yi ta tun ina bin jakin a guje har na zo ina jiransa.

Gwallameji a lokacin ba unguwa ba ce, gonaki ne da duwatsu. Baba baduku ne, fata yake ɗinkawa a bakin kasuwa, bai gaji gona ba. Da ya nemi wurin noma, abin da ya rage shi ne fako, jar marmara mai tauri wadda ko ciyawa ba ta yi mata sallama. An ce da mai unguwar wajen ya nuna masa, dariya ya yi ya ce, "Ga shi nan, baduku. In ka shuka ƙusa ta tsiro, ka zo ka gaya mini." Baba ya yi godiya. Kafin in yi wayo, kashi uku cikin huɗu na fakon nan ya zama gona, kuma in aka yaba masa sai ya ce ba shi ya yi ba, ma'aikatansa ne. Yakan lissafa su da yatsa, fuskarsa ba alamar wasa. Akwai gawo guda biyu da ya hana a sare, masu zubar da ganye da damina lokacin da shuka ke son rana da abinci, su yi inuwa da rani shanu su taru a gindinsu su bar kyauta. Akwai shanun wani Bafillace amininsa da ke sauka a gonar bayan girbi su kwana arba'in. Akwai buzuzu, wanda ke mirgina kashin shanun ya binne, ba a biya shi ko goro ba. Akwai wake da gyaɗa, waɗanda ya ce baƙi ne masu kunya, ba sa tashi daga wuri sai sun bar shi ya fi yadda suka same shi. Sannan akwai tana, wadda ya ce ita ce alƙali: ba ta zuwa sai aiki ya yi kyau.

A gefen gonar akwai wani dutse da ɓaure ya tsiro a tsagarsa. Nan muke cin ɗumamen da Goggo ta ƙulla mana. Wata rana ya cusa hannu cikin tsagar ya ɗebo wata 'yar baƙar ƙasa, bai fi cikin cokali ba, ya nuna mini. Ya ce, "Ka ji ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse? To ga mai dafa shi nan." Ya dafa saiwar ɓauren. "Ita ta tsaga, ganye ya faɗa ciki, ƙadangare ya yi kashi, ruwa ya jiƙa. Tun kakana bai zo duniya ba suke wannan girki, ga abin da suka samu." Ya mayar da ita cikin tsagar a hankali, kamar wanda ya ari abu. Haka kuma kowace kaka, bayan an kwashe amfani, yakan durƙusa a wurare daban-daban ya nutsa yatsa, ya ga inda baƙi ya ƙare ja ya fara. Nan gaɓa biyu, can yatsa guda, gindin gawo har tafin hannu. Wannan ne kaɗai lissafin da na taɓa ganin yana yi da murmushi.

Kusurwa ɗaya ce ta gagare shi, ta wajen gabas, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Ruwa in ya sauka a kanta gangarewa yake kamar a kan kwano, ya tafi da duk takin da aka zuba. Goggo ce ta raɗa mata suna Sanƙo, wai ta yi kama da kan mai ita. Baba ya shafa kansa ya ce, "Yaya, nawa ya riga ya tafi, amma wancan zai yi gashi. Sai na ci tuwon dawar Sanƙo kafin in mutu." Ta ce, "To ka daɗe." Dabarar da ya ɓullo da ita mai sauƙi ce. Kowace kaka sai ya tara karan dawa ya shimfiɗa a kan Sanƙo, ya danne da duwatsu, ya rufe da ƙaya don kada shanu su ci, ya tafi abinsa. Gara ce yake gayyata. Ita za ta taso daga ƙasa ta ci karan, tana tasowa tana huda fakon, tana kwaso laka tana shafe karan da ita, ruwa kuma ya sami ƙofar shiga. Ni ban san wannan ba, domin shekarun da ya fara ina kwalejin horon malamai, ina koyon sunan gara da Latin.

Na dawo da takardar shaida, da keke, da farin wando, da wani littafin aikin gona mai koren bango wanda na yarda da shi fiye da yadda ya kamata a yarda da abin da mutum ya rubuta. Baba ya fara kirana Malam, ban kuma gane cewa rabin kiran tsokana ba ne. A bazarar nan tari ya kwantar da shi, sharar gona ta faɗo kaina. Na je na tarar da Sanƙo lulluɓe da ruɓaɓɓen kara na shekara uku, na ɗaga guda, gara ta watse fara fat. Littafina ya ce tsohon kara maɓoyar tsutsa ce mai huda dawa, a ƙone shi. Ya kuma sa gara a babin maƙiyan manomi, har da hotonta. Na ji tausayin Baba, na ce tsufa da ciwo sun sa ya bar ƙazanta ta taru. Na janye ƙayar, na tattara karan wuri ɗaya, na ƙyasta ashana.

Maƙwabcin gonarmu wani dattijo ne mutumin Bogoro, mai gadi ne a cikin gari, yana noma ranar da ba ya aiki. Ya taho da sauri yana ɗingishi, fartanya a kafaɗa.

"Ticha! Wannan wuta, babanka ne ya aiko shi?"

Na ce, "Baba ba shi da lafiya. Gyara nake yi masa."

"Gyara." Ya dubi hayaƙin, ya dube ni tun daga hula har farin wando. "Ka tambaye shi tukuna?"

"Ai abin a rubuce yake."

"To. Sannu da aiki, Ticha."

Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ni kuwa a wautata na auna nomansa da nahawunsa. Na tsaya har wutar ta cinye, na share tokar na baza, Sanƙo ya fito fes, ja jawur, kamar tsakar gidan amarya. Na hau keke ina fito.

Na tarar da Baba kwance a tabarma a inuwar zaure, Goggo tana tankaɗe a gefensa. Na gaishe su, na ce, "Baba, na share gona tas. Har Sanƙo. Karan nan da gara ta cika, na ƙone shi."

Goggo ta ajiye rariya. "Ka ƙone me?"

"Karan, Goggo. Yana tara tsutsa. A littafi an ce..."

"Littafin ya taɓa cin tuwon gidan nan? Inna lillahi! Shekara uku bawan Allah yana tara wa baƙinsa abinci, kai ka je ka cinna musu wuta a akushi. Wannan karatu naka, da kuɗin makarantar akuya aka saya, da yanzu ta haihu."

"Yaya, bar shi," in ji Baba. Ya yi tari mai tsawo, muka jira. "Babba juji ne, kowa ya kwaso tasa a kansa zai zuba." Sannan ya juyo gare ni, ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi. "Malam, da ka ɗaga karan, ka ga 'yan ramuka a ƙasa?"

"Na gani, Baba."

"Da yawa?"

"Da yawa. Kamar rariya."

"Madalla. Ashe sun fara." Ya juya fuskarsa bango.

Don adalci, littafin bai yi ƙarya ba. Tsutsa tana kwana a tsohon kara, gara kuma tana cin rumbu, ta ci azara, ta ci littafi. Sai dai wanda ya rubuta shi yana maganar gonar da ta riga ta zama gona, bai taɓa ganin Sanƙo ba, ni kuwa da na gan shi ban tambayi mai shi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ruwan farko ya sauka a kan tsirarar ƙasa, ya daddake ta, ya toshe ramukan, ya kwashe tokar ya kai wa gonar mutumin Bogoro, wanda bai roƙa ba. Bayan ruwa na uku Baba ya matsa sai an kai shi. Muka ɗora shi a kan jaki, a inda mangala take zama, ina riƙe da shi har Gwallameji. Ya sauka, ya durƙusa a tsakiyar Sanƙo, ya dangwala yatsa. Ya sake gwadawa a wani wurin. Ya ce, "Ko farce." Ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙo mini hannu in tashe shi, ya ce, "Wata shekara ukun ke nan. Allah ya kai mai rai." Ana cikin yankan dawa a kakar nan ya rasu.

Ba shekara uku ta ɗauke ni ba, bakwai ta ɗauka, domin gara ba ta amsa gayyatar wanda bai iya gayya ba. Shekarar farko na shimfiɗa karan sama-sama, iska ta kwashe. Ta biyu na manta ƙaya, shanu suka yi walima. Mutumin Bogoro ne ya ga abin ya ishe shi, ya tsallako ya ce, "Ticha, kawo nan," ya nuna mini yadda ake fara watsa busasshen kashin shanu a ƙasa, a jera kara a gicciye, a ɗora rassan kalgo, a danne. Bai taɓa ambaton wutar ba, har ya koma garinsu. Ana tashi daga makaranta nake ɗaure kara a bayan keke, farin wandon ya koma launin hanya, abokan aiki suna kirana Hedimastan Gara, suna tambaya ko ɗalibaina sun ci jarrabawa. A shekara ta uku wata siririyar ciyawa ta fito, na tsaya ina kallonta kamar an yi mini haihuwa. Ta biyar na jefa wake ya kama. Ta shida na kai fartanya na ɗago tana guda ɗaya, ja, tana sheƙi, na mayar da ita na rufe, na ce alƙali ya iso. Ta bakwai na shuka dawa, na sami dami biyu.

Goggo, wadda a lokacin sai da sanda, ita ta ce ba wanda zai tuƙa tuwon sai ita. Ta yi miyar kuka. Ta ɗauko akushin Baba daga saman rumfa, ta wanke, ta sa malmala biyu, ta ce a kai masallaci sadaka. Sannan muka zauna mu biyu muka ci. Da na kasa haƙuri na ce, "Goggo, yaya kika ji shi?" Ta suɗe yatsa ta ce, "Dawa ce. Me ka zata, zuma?" Sai na ga tana goge ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Yanzu in ka buɗe juji a cikin gari, leda za ka tarar, da robar ruwa, da mataccen batir, abubuwan da ko shekara ɗari ba ta dafa su. Akuyar ma ledar take ci. Jakuna sun tafi, shanu ba sa sauka, domin tsakanin mai gona da mai shanu yanzu ba gaisuwa sai harara. Manomi yana jiran farin taki na buhu kamar mai jiran albashi, ya watsa, shuka ta yi kore shar, ya girbe, ya ƙone karan ko ya sayar, ƙasa ta wayi gari ba a bar mata ko lomar godiya ba. Ban ce takin buhu haram ba ne, na yi amfani da shi. Amma shi shuka yake ciyarwa, ƙasar kuwa da yunwarta take kwana. Na faɗi haka a aji sau ba adadi, yara suka rubuta, wasunsu ma suka ja layi a ƙarƙashi.

Da aka raba gado, ƙannena suka so wajen gawo, ni na ce a bar mini Sanƙo, suka yi ta yaba haƙurina. Nasu ya daɗe da zama gidaje, gawon biyu sun zama itacen girki. Ni na ci gaba da noma kusurwata a tsakanin katangu, ina kai mata kara da shara, matan sababbin gidajen suna leƙowa ta taga suna kallon tsohon da ke zubar da bola a filinsa. Damina uku ke nan gwiwa ta hana ni. Watan jiya babban ɗana ya zo daga Abuja ya zauna a gabana ya ce, "Abba, fili a Gwallameji yana zaune yana noma ciyawa. Ka bar ni in yi gini, in dawo da yara kusa da kai." Na dubi ɗakuna huɗun nan da ba mai tari a cikinsu sai ni. Na ce ya yi.

Ranar Asabar da safe muka je, da shi da injiniyansa, wani yaro mai ladabi da tef ɗin awo a aljihu, katafila tana jira a bakin hanya. Na ce su ba ni minti ɗaya. Na dogara sanda na durƙusa a tsakiyar Sanƙo, daidai inda Baba ya durƙusa, na nutsa hannu. Yatsu suka shige, tafi ya shige, har wuyan hannu ban taɓa ja ba. Sanyi, laushi, baƙi wuluk, ga tana biyu suna tsere tsakanin yatsuna. Na so in ce wa wani, "Ka gani?" Na waiga, ɗana yana amsa waya.

Injiniyan ne ya zo ya kama ni ya tashe ni, ya karkaɗe mini gwiwa. Ya ga ina duban hannuna, ya zaci damuwa ce ta gini. Ya ce, "Alhaji, kada ka damu da wannan baƙar ƙasar. Gaskiya ba ta riƙe gini, amma ba ta da zurfi, kafin Azahar mun kwashe ta mun cike wancan ramin na bakin titi. Na haƙa na duba, ƙarƙashinta fako ne mai kyau, irin wanda muke nema. Kun yi sa'ar fili."

Ƙarfe sha ɗaya da rabi suka gama.